Don Hatsi Aka Yi Mudu: Martani Ga Masu Auna Waƙa Da Ma'auni Ɗaya

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan fitowa wani al'amari ne da ya faru a kan idonmu, wanda kuma muka tabbata ba a kanmu farau ba. Wata ɗalibarmu ta babbar sakandare ta rubuta waƙa a kan wahalar ruwa a unguwarsu, ta ɗora ta a kan karin wata waƙar daka da ta taso tana jin kakarta tana yi. Ranar da ta rera ta a aji, ba wanda ya ce wa yara su yi, sai ga su suna buga tebur suna bin ta, har ta dire ba inda ta yi tuntuɓe. Muka ƙarfafa mata gwiwa ta shigar da waƙar wata gasa. Bayan wata biyu takardar ta dawo da jan biro a gefe. Alƙalin gasa ya rubuta cewa waƙar karyayya ce, domin ba ta hau ko ɗaya daga cikin karuruwan aruli goma sha shida ba. Tun daga ranar nan yarinyar ba ta sake kawo mana ko baiti ɗaya ba.

A cikin wannan zangon karatu dai aka turo mana wani matashi don ya gwada aikin koyarwa. Darasinsa na farko a kan tsarin sauti ne. Ya cika allo da sunayen Turawa da kibiyoyi da alamomi, ya kuma shaida wa yara cewa aruli tsohon yayi ne, yanzu ilimi ya ci gaba. Da aka tashi muka ja shi gefe, muka ce, "Malam, shin 'ya' ɗin da ke cikin 'ruwa ya zubo' da wanda ke cikin 'ruwan da ya zubo' ɗaya ne?" Ya ce, "Ɗaya ne mana, Malam, ai ga shi nan a rubuce." Alhali kuwa ko yaron da bai shiga makaranta ba ya san na farkon jan sa ake yi, na biyun kuwa tsinke shi ake yi.

Wanda ya dubi mutanen nan biyu zai zaci abokan hamayya ne, ɗaya yana riƙe da na da, ɗaya yana riƙe da na yanzu. Mu a ganinmu ciwonsu ɗaya ne. Kowannensu ya sami mudu a littafi, ya rungume shi, ya manta cewa don hatsi aka yi mudu. Ra'i, kowane iri ne, ma'auni ne da wani masani ya ƙera don ya auna abin da ya ji a bakin mutane. Idan aka zo da hatsin da mudu bai iya aunawa, mudun ake sakewa. Ba a taɓa jin wanda ya zubar da damin gero don ya ƙi shiga tiya ba.

Abin Da Ke Bakinmu Tun Asali

Kafin mu kwatanta ra'o'in, bari mu fara da hatsin kansa. Gaɓar Hausa siga uku gare ta: baƙi da gajeren wasali, kamar "gi" a gida, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, kamar "ki" a kifi da "sau" a sauro, sai baƙi da wasali da baƙi, kamar "bir" a birni. Ta farko marar nauyi ce, awo ɗaya. Sauran biyun masu nauyi ne, awo biyu-biyu.

Wani zai ce ai wannan rabo daga littafi aka samo shi. To, a duba yadda muke yin jam'i. Gida, gidaje; wuri, wurare; ƙasa, ƙasashe; damo, damame. Duk waɗannan gaɓarsu ta farko marar nauyi ce, shi ya sa aka maimaita baƙin ƙarshe. Amma kifi, kifaye, zomo, zomaye, ɓera, ɓeraye, suna, sunaye. Da gaɓar farko ta zo da dogon wasali, sai maimaicin ya faɗi, "ye" ta maye gurbinsa. Ba Bahaushen da zai ce kifafe ko zomame, ko da bai taɓa ganin allo ba. Paul Newman ya bayyana wannan a wata maƙala ta 1972 a kan nauyin gaɓa, amma tsofaffinmu suna aiki da shi ɗaruruwan shekaru kafin a haife shi. Ke nan sikelin yana cikin harshen tun asali. Da shi uwa take auna waƙar reno, da shi makaɗi yake auna kirari.

Aruli: Alherinsa Da Iyakarsa

Kada wani ya ɗauka mun zo ne mu ci mutuncin aruli. Halilu ɗan Ahmad, malamin Basra na ƙarni na 8 na Miladiyya, ya yi aikin da har yau ake jinjina masa. Ya saurari waƙoƙin Larabawa da ya tarar, ya fitar da karuruwa goma sha biyar, daga baya Ahfash ya ƙara Mutadarak suka cika goma sha shida. A lura da wannan tarihi da kyau: waƙa ce ta riga ma'auni zuwa, kuma da aka sami karin da ma'aunin farko bai ƙunsa ba, ƙara shi aka yi. Ba a ce wa mawaƙan su daina ba.

Malamanmu na ƙarni na 19, zamanin Shehu Usmanu da Nana Asma'u, sun ɗauki waɗannan karuruwa suka ɗora wa waƙoƙin Hausa, suka kuwa zauna daram. Joseph Greenberg ya yi nazarin haka a 1949, marigayi M.K.M. Galadanci kuma ya kira abin aure tsakanin waƙar Larabci da ta Hausa a maƙalarsa ta 1975. Me ya sa auren ya yi albarka? Domin Larabci ma da gaɓa mai nauyi da marar nauyi yake aiki, kusan irin namu. Ga misali da wani layi da muka ƙaga don darasi:

Gari ya yi kyau, mun fito mun gani.

Idan gari na mutane ake nufi, yankan zai zama ga-rii-yaa, yi-kyau-mun, fi-too-mun, ga-nii. Marar nauyi ɗaya, masu nauyi biyu, sau uku, sannan guntuwar ƙafa a ƙarshe. Wannan Mutaƙarab ne tsaf, fa'ulun uku da ragowa. Amma idan garin tuwo ake nufi, gaa-rii-yaa ke nan, ƙafar farko ta karye nan take, ko da yake ba harafi ɗaya da ya canza a takarda. Mai ajami ba ya faɗawa wannan rami, domin alif da wawu da ya suna nuna masa jan wasali. Rubutun boko ne ya ɓoye mana shi, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa matasan marubutanmu suke ƙirga haruffa da ido maimakon su auna da kunne.

To, ina iyakar aruli? Na farko, an ƙera shi ne don waƙar da ake auna ta daga lafazi kawai. Waƙar daka da ta gaɗa da ta makaɗa kuwa a kan bugu suke tafiya. Mai rerawa yakan ja gaɓa ta cike gurbi, ko ya matse biyu su shiga gurbin ɗaya, ko ya yi shiru ya bar taɓarya ta cike masa. Aruli ba shi da suna ga wannan shirun. Sanannen abu ne cewa Aliyu Namangi a kan karin Caji ya ɗora Imfiraji. Da alƙalin gasarmu ne ya fara karɓar ta, da wace irin hujja zai tambayi Malam?

Na biyu, Larabci ba ya bambanta ma'ana da karin sauti, saboda haka aruli bai san da shi ba. Mu kuwa kuka na hawaye da kuka ta miya karin sauti ne kawai ya raba su, haka wuya na jiki da wuya ta wahala. Dalhatu Muhammad ya nuna cewa mawaƙanmu sukan daidaita hawa da saukar murya a ƙarshen layuka, abin da ake kira amsa-amon kari. Wanda ya tsaya ga aruli kaɗai zai wuce wannan ado bai gan shi ba.

Na uku, kuma wannan laifin masu aunawa ne, akwai masu jibga wa layi zihafi da illa har sai ya shiga baharin da suke so. Idan ƙafa ta ƙi shiga takalmi sai su yanke yatsa. Da irin wannan aiki ko lissafin cefane ana iya cewa Rajaz ne.

Ra'o'in Zamani: Kowanne Da Abin Da Ya Gani

Yanzu mu juya ga matashin malaminmu da allonsa. Abin da bai gaya wa yara ba shi ne, ra'o'in da ya jera ba bakinsu ɗaya ba. Kowanne ya taso ne don ya toshe ɓarakar wanda ya gabace shi, kuma kowanne ya bar tasa ɓarakar.

Na farko shi ne ra'in ƙwayar sauti, wanda littafin Trubetzkoy na 1939 ya zama ginshiƙinsa. Hanyarsa mai sauƙi ce: a kawo kalmomi biyu da sauti ɗaya kawai ya raba su, idan ma'ana ta canza, to sautukan nan biyu kowanne mai zaman kansa ne. Kafa da ƙafa, daidai da ɗaiɗai, tura da cura. Da wannan hanya ake gane cewa "r" biyu gare mu, domin bara mai yi wa sarki hidima da bara ta almajiri ba da harshe ɗaya ake kaɗa su ba, duk da cewa harafi ɗaya muke rubutawa. Duk mai son gyara ƙa'idar rubutu ba shi da abin da ya fi wannan ra'i. Amma a tambaye shi me ya sa mota ta zama motoci, kaza ta zama kaji, ɓarawo ya zama ɓarayi. Zai ce "t" daban, "c" daban, ya tsaya nan. Ya iya ƙirga dabbobin garke, bai san wace ta haifi wace ba.

Na biyu shi ne ra'in dokoki, wanda Chomsky da Halle suka shimfiɗa a littafinsu na 1968 a kan tsarin sautin Ingilishi. Su cewa suka yi kowace kalma tana da siga ta ciki da siga ta baki, dokoki ne kuma suke kai ta daga waccan zuwa wannan. Nan take motoci ta sami bayani: mototi ce a ciki, dokar ganɗantawa ta mai da "t" ta zama "c" a gaban "i". Haka ƙasase ta zama ƙasashe. Da irin wannan tunani ake fahimtar abin da Bajamushen nan Klingenheben ya gano tun wajen 1928, cewa baƙin da ya rufe gaɓa yakan yi laushi: talaka amma talauci, fatake amma farke, Basakkwace ya ce zamna da sabka, Bakano ya ce zauna da sauka. Marubuci yana da riba a nan, domin zai ga cewa "zam" da "zau" nauyinsu ɗaya, saboda haka ba wani dalilin kari da zai sa edita ya goge wa mawaƙin Sakkwato karin harshensa.

Sai dai dokar tana da inda take tuntuɓe. Ga tebur, ga siminti, ga tikiti, duk "t" ta tsaya a gaban "i" ko "e" ba abin da ya same ta. Abin dariya ma shi ne asibiti, wadda ta ƙi bin doka a tilo, ta zo ta bi ta a jam'i, asibitoci. Babbar ɓaraka kuma ita ce littafin na 1968 bai ba gaɓa wani matsayi ba, sautuka kawai ya jera kamar tsakiya a zare. Ra'in da bai san gaɓa ba, da me zai raba gidaje da kifaye, balle ya auna baiti?

Na uku shi ne wanda za mu kira ra'in hawa-hawa, na William Leben a 1973 da John Goldsmith a 1976. Su suka ce karin sauti ba fenti ba ne da aka shafa wa wasali, hawansa daban ne, kamar bene a kan soro. Hujjar tana bakinmu. Riga da ƙasa take farawa, amma riguna da sama take farawa ta sauka a ƙarshe, haka hula, huluna, wando, wanduna. Jam'in ya share karin kalmar gaba ɗaya ya shimfiɗa nasa, bai taɓa baƙaƙen saiwar ba. A kuma saurari "na ga gidan Audu" da "na ga gidan." A ta biyun murya faɗowa take yi a kan "dan", domin ɗafin nan na nuni yana tafe da karin ƙasa wanda ba shi da wasalin kansa, sai ya hau kan na maƙwabcinsa. Abin da ya kamata ɗalibanmu su sani shi ne Leben ya yi nazarin Hausa, kuma harsunan Afirka ne suka tilasta wa masana gyara ra'in 1968. Hatsinmu ne ya sa aka sake mudu a Amurka, mu kuma muna nan muna jin kunyar hatsin.

Na huɗu shi ne ra'in fifiko na Prince da Smolensky, 1993. Su suka ce a daina jera dokoki, a tambayi abin da harshe yake gudu. Gida dogon wasali gare ta a ƙarshe, amma a "gidan Audu" ya gajarce. Rai ta zama "ran" a ranka ya daɗe, mai ya zama "man" a man gyaɗa. Mai dokoki zai rubuta wa kowanne tasa doka. Mai ra'in fifiko zai ce manufa ɗaya ce: Hausa ba ta yarda gaɓa ta wuce awo biyu, kuma ta fifita wannan sharaɗi a kan barin kalma yadda take. Haka kuma ba ta yarda baƙi biyu su taru a farkon gaɓa, shi ya sa muka cusa wasali a direba da burodi. Wannan tunani ya dace da mawaƙi ƙwarai, domin shi ma kullum cikin zaɓi yake tsakanin ma'ana da kari da amsa-amo. A 2019 mujallar Language ta buga nazarin Bruce Hayes da marigayi Russell Schuh a kan Rajaz ɗin Hausa, inda suka yi amfani da sharuɗɗa masu nauyi daban-daban, suka kuma kwatanta rubutaccen layi da yadda ake rera shi. Amma shi ma wannan ra'i asibiti ta kayar da shi. Idan haramcin "ti" ne a sama, asibici za mu ce. Idan barin kalma yadda take ne a sama, mototi za mu ce. Dole sai an yi masa faci.

Ga su nan huɗu, ga aruli na biyar. Wanne ne ya isa ya ce shi kaɗai ya ga giwa dukanta?

Ga Masu Cewa Ba Ruwansu

Mun san akwai 'yan'uwa a cikin wannan ƙungiya da za su karanta wannan su ce, "Ai dama mun faɗa, waƙa baiwa ce, a bar 'yan jami'a da rigimarsu." Ba mu tare da ku. Gaskiya ne Mamman Shata bai karanta Goldsmith ba, amma Shata a gaban kalangu yake waƙa, in ya kauce kiɗa zai tona shi. Ku kuwa a gaban takarda kuke, takardar da ba ta nuna muku dogon wasali, ba ta nuna karin sauti, ba ta raba bara da bara. Wanda ya rasa makaɗi ya kuma ƙi ma'auni, me zai tsare shi? Mu da muke gyara littattafan yara mun san yawan abin da ake kawo mana da sunan waƙa, alhali zube ne aka datsa layi-layi aka liƙa wa "na" a ƙarshe. Baiwa gona ce, in ba a nome ta ba ciyawa take fitarwa.

Akwai kuma masu cewa idan aka saki aruli, kowa zai rubuta abin da ya ga dama ya ce sabon kari ne. Wannan tsoro yana da tushe, amma maganinsa a fili yake. Kari shi ne tsarin da yake dawowa. Idan layi na ɗaya da na biyar da na ashirin suka hau awo ɗaya, har mai sauraro ya iya hasashen inda murya za ta sauka, to akwai kari, ko Halilu ya san shi ko bai san shi ba. Idan kuwa ba abin da yake dawowa, to babu kari, ko da an laƙaba masa sunan Basiɗ. Wannan jarrabawa ta fi ta neman suna tsanani.

Abin Da Muke Nema

Ga alƙalan gasa: kada a yanke wa waƙa hukunci sai an ji ta a baki. A sa mai ita ya rera, ko ya aiko da muryarsa. A fitar da nauyin gaɓoɓin, a duba ko tsarin yana dawowa, sannan a nemi sunansa. In ba shi da suna a aruli, a raɗa masa na Hausa, kamar yadda Ahfash ya ƙara nasa.

Ga 'yan'uwanmu malamai: a fara da kunne kafin allo. Yaron da ya iya raba garii da gaarii, ya tafa hannu sau ɗaya ga marar nauyi, sau biyu ga mai nauyi, ya fi wanda ya haddace sunayen masana goma amfani ga adabinmu. In lokacin ra'o'i ya zo, a kawo su a matsayin amsoshi ga tambayoyin da yaran suka riga suka yi karo da su, a kuma nuna musu inda kowanne ya gaza.

Ga shugabannin ƙungiya da editan wannan mujalla: muna roƙon a ware shafi ɗaya a kowace fitowa, a buga waƙa ɗaya da dogayen wasulanta a ninke, tare da yankan gaɓoɓinta. A kuma tura rassa su ɗauki muryoyin tsofaffin mata masu waƙoƙin daka da niƙa da reno tun suna raye, domin injin niƙa ya riga ya cinye rabin wannan taska, kuma a cikinta karuruwanmu na gado suke.

Ga matasa masu tasowa: ku koyi aruli, domin ba za ku fahimci abin da magabata suka rubuta ba sai da shi. Ku leƙa ra'o'in zamani, domin za su buɗe muku ido a kan harshenku. Amma duk layin da kuka rubuta, ku karanta shi da ƙarfi a gaban wanda bai yi boko ba. In ya gyaɗa kai yana bin ku, kun kama hanya.

Ita kuwa ɗalibarmu, takardarta tana nan a cikin aljihun teburinmu da jan bironta. Mun zauna mun yanka gaɓoɓin waƙar layi-layi, mun tarar da awo ɗaya yana dawowa tun daga farko har ƙarshe, in ban da wurare biyu da ta bar wa taɓarya. Mun yi niyyar mayar mata da ita tare da wannan fitowa ta mujalla. Idan alƙalin da ya yi mata hukunci yana cikin masu karatu, fili a buɗe yake, muna sauraron hujjarsa a fitowa ta gaba. Allah ya sa mu dace.